Motar Mzee Gwakisa Ba Ta Ja da Baya

A ƙauyenmu na Ilundo, in ka ji murya tana tashi daga shagon shayi tana koya wa mutane abin da suka riga suka sani, to Mzee Gwakisa ne, wato dattijo Gwakisa a yarenmu. Shekara talatin da ɗaya ya yi yana auna ganyen shayi a ma'aikatar da ke kan hanyar Tukuyu, amma in ya zauna ba da labari sai ka rantse shi ya kafa ma'aikatar, har da tsaunin da take kai. Ni maƙwabcinsa ne, magini. Sunana Asajile, sai dai kowa Fundi yake ce mini, sunan da ake kiran mai sana'ar hannu a wajenmu. Abin da zan faɗa da idona na gan shi, wani ma da hannuna aka yi.

Shekarar da ya yi ritaya, kuɗin sallamarsa suka fito daidai lokacin da fiya ta yi daraja, gonarsa kuma ta yi albarka. Sauran wata biyu ƙungiyar manoman fiya ta ƙauyenmu ta zaɓi shugaba. Wanda ke kan kujerar, Mwalimu Angetile, tsohon malamin firamare ne mai sanyin magana, kullum a kan keke. Mzee Gwakisa ya ce abin kunya ne masu sayen fiya su taso tun daga Kenya su tarar da shugabanmu tsugune yana mayar da sarƙar keke. Shi zai sayi mota sabuwa fil, wagon mai dogon baya, ta kai marar lafiya asibiti, ta ɗauki amarya, ta kwashi kwandunan fiya, a ga wanda zai ƙi zaɓensa.

Matarsa, Mama Tumpale, ta tambaye shi yaushe rabonsa da tuƙi. Ya ce manajoji uku ya koya wa mota da hannunsa. Abin da tsofaffin ma'aikata suka tuna kuwa shi ne ya taɓa riƙe tarakta mako biyu lokacin da direbanta yake jinya, yana zagaya fili da ita. Lasisi kam yana da shi, bai taɓa barin sa ya mutu ba, domin yana jin daɗin fito da shi a gaban mutane.

Kafin mota sai gareji. Ya je birnin Mbeya wajen masu sayar da motoci ya dawo ya ce ya auno ta, taku biyar da rabi. Na ce ya bari in je da tef ɗina, ya ce mutumin da ya ƙare rayuwarsa a awo ba ya bukatar igiyar magini. Na gina masa da jan bulo a gefen ɗakin girki, bangon baya yana kallon lambun Mama Tumpale.

Ranar saye ya tafi da ni don in zama shaida. Ya riga ya faɗa a shagon shayi cewa sai ya sa masu motar kuka. Muna shiga ya taya rabin kuɗin, kamar mai cinikin nonon ayaba. Mai sayarwar, wani mai farar riga da yawan murmushi, ya nuna masa farashin da ke manne a gilashi. Mzee ya ƙifta mini ido ya ce mu tafi, yanzu za su biyo mu da gudu. Muka tsallaka titi muka tsaya a rana. Ba wanda ya leƙo. Da gumi ya ishe shi, ya ce mu koma, ya manta hularsa a ciki. Hular tana kansa.

Mai farar riga ya gama karanta shi. Ya ce ai wadda Mzee ya auna ta matasan ma'aikata ce, masu mata ɗaya da jariri. Mutum mai jama'a ga irin tasa can, ya nuna wata shuɗiya mai kujera bakwai, doguwa kamar layin asibiti. Mzee ya zagaya ta sau biyu ya ce dama ita yake nufi. Aka ƙara masa bamba ta ƙarfe a gaba, ƙugiyar jan kaya a baya, da kariyar ɗora kaya a sama. Abu biyu kawai ya ƙi. Ya ƙi giya mai sauya kanta, ya ce ta ragwaye ce. Ya kuma ƙi kyamarar da ke nuna baya, ya ce wuyansa yana juyawa lafiya lau. Ya biya fiye da abin da ya zo da niyyar biya, aka ba shi kyautar taburman ƙafa da laima.

Muna fita ya ce mini, "Ka ga yadda na matse su? Sai da suka haɗa da laima."

Na yi masa raɗa cewa wannan ta fi garejin tsawo. Ya ce in bar masa wannan.

Direban kamfani ne ya kawo mu har mahaɗar kwalta. Nan Mzee ya sallame shi, don kada a ga wani a kujerarsa. Daga mahaɗa zuwa gida hanya miƙaƙƙiya ce, ya haye ta a giya ta biyu, inji yana ruri, hannunsa bai bar hon ba. Jama'a ta cika ƙofar gida. Mata suka yi guɗa, fasto ya ɗora hannu a kan bonet ya yi addu'a. Mzee ya saita gareji ya shige, ya shige, har bamba ta sumbaci bangon baya. Kashi ɗaya cikin uku na motar yana waje, daidai inda ruwan indararo yake zuba, ga shi a wajenmu ruwa ba ya jiran damina.

Bibi Sekela, tsohuwar da gidanta ke bayan nasa, mai saniya ɗaya da harshe mai kaifi, ta dogara sanda ta leƙa ta ce, "Gwakisa ɗana, amaryar taka ta shiga ɗaki ta bar ƙugunta a waje."

"Da gangan ne, Bibi," in ji shi. "Don masu wucewa su ma su samu rabonsu na kallo."

Kwana uku mota ba ta fita ba. Wanda ya tambaya sai ya ce sabon inji sai ya huta bayan doguwar tafiya. Amma ni daga tsakar gidana ina jin abin da ke faruwa da sassafe: inji ya tashi, giya ta yi ƙara, bango ya ce dum, inji ya mutu. Rana ta huɗu ya aiko a kira ni. Bangon baya ya tsage daga sama har ƙasa. Ya ce in rushe shi gaba ɗaya, domin motocin yanzu suna bukatar iska ta shiga ta gaba ta fita ta baya, laifina ne da ban san haka ba.

Na dubi jan ƙurar bulo a jikin bamba, na dube shi, na rage murya. "Mzee, ko dai ribas ɗin ne?"

"Fundi, rushe bango aka kira ka ko jarrabawa?"

Na rushe. Ko gama kwashe bulon ban yi ba ya tayar da mota ya fita ta gaba, ya bi ta kan kabejin Mama Tumpale da wakenta, ya ratsa shingen Bibi Sekela, ya wuce ta gefen rumfar saniya, ya faɗa hanyar rafi, daga nan ya zagayo titi. Mama Tumpale ta tsaya a ƙofar ɗakin girki da muciya a hannu, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce daga yau abin da taya ta rage shi za a riƙa ci da tuwo. Saniyar Bibi kuwa kwana biyu ta hana nono. Don a kashe magana, Mzee ya yi wa Bibi alkawarin duk inda za ta je shi zai kai ta kyauta har ƙarshen ranta. Ta ce da irin tuƙinsa wannan alkawari ba zai daɗe ba, amma ta karɓa.

Daga nan rayuwar Mzee ta koma lissafin hanya. Ba ya shiga inda ba shi da mafita ta gaba. Ranar Lahadi yakan riga mai buɗe coci zuwa, ya ajiye mota a tsakiyar fili, ya zauna kusa da taga yana gadin kada wani ya tsaya a gabanta. Ranar kasuwa yakan tsaya can wajen makabarta, matan da ya ɗauko su yi sauran tafiyar da kaya a ka. A gidan mai na Tukuyu ya shiga da murfin tanki a ɗaya gefen, mai zuba mai ya ce ya ɗan ja baya ya gyara, sai ya ce shi ba ya shan mai a famfon da bai yi masa ba, ya fita ya zagaya gari, ya dawo ta inda ya fara, murfin yana nan a gefen da yake. Sau uku.

Labarin da ya fi yaɗuwa shi ne na Mama Lusajo, wadda haƙori ya hana ta barci ya ce zai kai ta asibiti. Yana cikin ba ta labarin yadda ya taɓa cire wa wani Bature haƙori da filaya, ya wuce ƙofar asibitin da taku ashirin. Ta ce ya tsaya ta sauka ta taka. Ya ce ba a motarsa ba, shi har bakin ƙofa yake kai mutum. Ya bi da ita ta gonakin shayi, kilomita goma sha huɗu, hanya duk rami, tana riƙe da kumatu. Kafin su zagayo likitan haƙori ya tashi.

'Yan acaba na mahaɗa ne suka fara gano zancen. Duk lokacin da ya wuce sai su ɗaga hannu su ce, "Sai gaba, Mzee." Da wani ne, da ya ji kunya. Shi kuwa ya je wajen mai fenti aka rubuta masa SAI GABA da manyan baƙaƙe a gilashin baya, ya mayar da shi taken neman zaɓe. A shagon shayi yakan ce Mwalimu Angetile shekara shida yana ja da ƙungiya baya, shi kuwa kowa shaida ne, tun da ya sayi mota ba a taɓa ganin ya ja da baya ko taku ɗaya ba. Abin mamaki, maganar ta shiga mutane. Wasu suka fara cewa da gaske aƙida ce. Ni da na san abin da na sani na kama bakina, don maƙwabci ne, kuma har ga Allah motar ta kai mutane wurare, ko da ta doguwar hanya.

Ranar zaɓe ta zo. A sito na ƙungiya ake taron, a tsallaken kogi, ƙarfe goma na safe. Mzee ya sa kwat, ya bi gida-gida yana kwasar masu ƙuri'a. Motar mutum bakwai ta ɗauki goma sha uku. Ni da Mama Tumpale muna matse a gaba. Bibi Sekela ta ƙi yarda a danne ta, ta zaɓi can ƙarshen baya wajen kaya, ta miƙe ƙafa a kan buhu ita da wasu tsofaffi biyu.

Gadar kogin ta katako ce, mota ɗaya take ɗauka, ba ta da shinge sai ɗan gungume a gefe. Kowa ya san ƙa'ida: ka tsaya ka duba, wanda ya riga hawa shi ke da hanya. Mzee yana bayani a kan farashin fiya a Turai, bai duba ba. Sai da muka shige tsawon mota biyu muka ga babbar mota a gabanmu, ta riga ta ci fiye da rabin gadar. A bayanta mata ne ɗaure da zannuwa suna waƙar coci a hankali, a tsakiyarsu akwatin gawa. Mzee Mwambapa ne na ƙauyen da ke sama da namu, ya rasu a asibiti, ana kai shi gida.

Motocin biyu suka tsaya hanci da hanci. Direban babbar motar, Lwitiko, mutum mai jiki da haƙuri, ya leƙo ya gaishe da Mzee cikin ladabi, ya roƙe shi ya ɗan ja baya. Mzee ya ce shi ya riga hawa. Mutum goma sha biyu a cikin motarsa suka dubi ƙasa. Ya sake cewa kamfani ya hana a yi ribas da sabuwar mota sai ta cika kilomita dubu biyar, in ba haka ba garanti ya lalace. Lwitiko ya ce shekararsa ashirin a titi bai taɓa jin wannan ba, amma in Mzee ya ga dama ya sauko, shi zai ja masa ita, minti ɗaya ne. Mzee ya ce ba a haifi wanda zai taɓa sitiyarinsa ba.

Waƙa ta tsaya. A bayanmu 'yan acaba suka taru, a bayan babbar mota ga jerin masu rakiyar gawa. Daga sito, waɗanda suka riga mu zuwa taro suka gangaro bakin kogi don ganin abin da ya tsare hanya, har da Mwalimu Angetile yana tura kekensa. Ƙanin mamacin ya sauko, idonsa jawur, ya zo taga ya ce, "Mzee Gwakisa, wato yayana ne zai ja maka da baya?"

Daga can baya Bibi Sekela ta ce, "Gwakisa, ko a zamanin kakanka ba a sa gawa ta ba mai rai hanya."

Gumi ya karyo wa Mzee. Ya cire kwat ya miƙa wa matarsa, ya ce tunda an matsa, garanti ya tafi, kowa ya riƙe wuri ya ga aikin masana. Ya taka kuloci, ya murɗa giya can gefe da ƙarfi, ya juya wuya baya kamar gwani, ya taka totur. Mota ta yi tsalle gaba ta gwabza wa babbar mota. Akwatin gawa ya zame, mata suka rungume shi suna salati irin nasu.

Lwitiko ya sauko. Ya zura hannu ta taga, ya ɗaga wani ɗan zobe da ke ƙasan kan giyar, ya tura ta, ta shige sumul. Wata biyu zoben nan yana ƙarƙashin yatsun Mzee. Lwitiko ya ce masa ya saki kuloci a hankali, ya riƙe sitiyari daidai, kada ya juya shi ko kaɗan.

Mzee ya ce ya sani. Ya saki kuloci gaba ɗaya. Mota ta zabura baya, ya firgita ya murɗa sitiyari dama, ya ga ta nufi gefe, ya ƙara murɗawa dama. Tayar baya ta haye gungumen ta faɗa. Cikin motar ya zauna a kan katako da wata irin ƙara, gaba ya ɗan ɗaga, dogon bayan nan da ake taƙama da shi ya tsaya a sarari, ruwa yana gudu a ƙarƙashinsa. Inji ya mutu. 

Wannan kam ba abin dariya ba ne a lokacin. Ruwan sama ya cika kogin, ga tsofaffi uku a daidai wurin da ke lilo. Lwitiko ya daka tsawa kada kowa ya motsa. Shi da ƙanin mamacin suka haye bonet suka danne. Mazan da aka tanada don ɗaukar gawa suka diro suka riƙe bamba, 'yan acaba suka kawo igiya aka ɗaure motar a jikin babbar mota. Muka riƙa zaro mutane ɗaya-ɗaya ta ƙofar gaba. Bibi Sekela ce ta ƙarshe, ta rarrafo ta kan kujeru da sandarta a hannu, tana faɗa wa duk mai ji cewa da ta san haka da ta roƙi masu babbar mota su rage mata hanya, tunda wuri ɗaya aka nufa da ita da Mwambapa.

Da mota ta zama wayam, maza wajen ashirin suka ɗaga bayanta suka mayar kan gada. Lwitiko ya shiga ya ja ta baya da hannu ɗaya, ya ajiye ta a gefen hanya. Ko minti ɗaya bai cika ba.

Mzee yana tsaye a bakin gada, ya fara bayani cewa katakon ne ya jiƙe, kuma kamfanin sun ɓoye zoben ne da gangan. Sai matar mamacin ta sa aka sauko da ita. Tsohuwa ce ƙarama, muryarta ta dishe da kuka. Ta zo gabansa ta ce, "Baban Tumpale, mijina yana jira, ba zan daɗe ba. Tambaya ɗaya ce. Ka iya ko ba ka iya ba?"

Ya dubi jama'ar wannan gaɓa, ya dubi ta wancan. Ya dubi matarsa, ita kuwa tana ninke kwat ɗinsa. 

"Ban iya ba, Mama."

"To da ka faɗa tun ɗazu, da yanzu ya kai gida."

Ta koma ta hau. Mzee ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji har gawa ta wuce. Fasinjojinsa kuwa suka tsallaka gadar da ƙafa, ba wanda ya waiwayi motar. An yi zaɓe bayan azahar. Mwalimu Angetile ya koma kujerarsa. Mzee Gwakisa ya samu ƙuri'a biyu, kuma Mama Tumpale ta rantse a gaban mutane cewa ta biyun ba tata ba ce. Ni ba wanda ya tambaye ni.

Mako guda ba a ji muryarsa a shagon shayi ba. Ranar Asabar da safe ina wucewa ta filin ƙwallon firamare sai na hango shuɗiyar mota a tsakiya, an jera kututturan ayaba layi biyu a bayanta, fiye da rabinsu a kwance. Lwitiko yana tsaye gefe, hannu biyu a ka. Mzee ya hango ni, ya leƙo da kai ta taga ya yafito ni.

"Fundi, zo ka gani. Lwitiko ne ya roƙe ni in nuna masa wasu dabaru. Yana da hannu, sai dai bai san ƙa'ida ba."

Yana magana motar tana silalewa baya a hankali. Na ce masa, Mzee, birki. Ya ce kada in katse shi yana bayani. Lwitiko ya rufe ido. Ƙugiyar baya ta sami ƙarfen raga, ƙarfen ya yi tangaɗi ya kwanta a kan rufin motar.

Mzee ya waiwaya ya duba, ya juyo ya dubi Lwitiko.

"Ka gani? To wannan shi ne abin da nake ce maka kada ka yi."